Yadda Ake Shirya Daren Tatsuniya da Wasan Sauti a Tsohon Zaure a Birnin Zariya

Wanda ya taɓa yin sallama a tsohon zauren ƙasa a cikin birnin Zariya, irin waɗanda har yanzu ke tsaye a Kwarbai da Unguwar Juma da Limancin Kona, ya san abin da nake nufi. Kana cewa "Salamu alaikum" sai ka ji muryarka ta yi kauri, ta cika ɗakin, ta kwanta. Ba ta komowa ta doki kunnenka kamar yadda take yi a falon siminti mai tayil. Yaro ƙarami ma in ya yi magana a can ƙurya, na bakin ƙofa zai ji shi sarai. Magina sun san a nan maigida zai zauna ya sasanta iyali, a nan malami zai ba da karatu, a nan baƙo zai faɗi abin da ya kawo shi ba tare da ya ɗaga murya ba. Don magana aka gina zaure.

Ni da wasu abokaina mun jima muna shirya daren tatsuniya a irin waɗannan zauruka, muna haɗa ta da abin da muke kira wasan sauti: amon tulu, da motsin ruwa, da kaɗawar faifai, da muryoyin gari da muka ɗauka a waya, muna saƙa su a cikin labarin. Babban abin da na koya shi ne ginin ma ɗan wasa ne, kuma shi ne dattijonsu. Duk shirin da za ka yi, tun daga zaɓen labari har inda za ka ajiye fitila, sai ka fara sanin abin da ginin zai iya ɗauka da abin da muryarsa take so.

Mataki na farko: wane gini?

Mutane da yawa in an ce ginin tarihi a Zariya, Masallacin Juma'a ke faɗo musu a rai, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Wasu kuma su tuna cocin Saint Bartholomew da ke Wusasa, ginin ƙasa ne shi ma, na 1929, bisa fasahar maginan Hausa. Cire waɗannan biyun daga lissafinka. Wuraren ibada ne, ba a kai musu Gizo da kalangu. Fada ma haka take, tana da ƙa'idodinta, ba a shiga da shiri sai an gayyace ka. Ganuwar birni da Dutsen Kufena kuwa suna cikin wuraren da ke ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, saboda haka duk taron da zai jingina da ganuwa ko wata tsohuwar ƙofa, kamar Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, sai da takarda.

Abin da ya fi dacewa da mai farawa shi ne zauren gidan gado, na malamai ko na fatake ko na masu sarauta, wanda iyalinsa ke ciki har yau. Nemi mai rufin daurin guga, wato wanda bakan gizo, lanƙwasasshen ginin nan da ke ɗauke da rufi, ya tashi daga bango ya haɗu a tsakiya. Nemi mai shigifa a bayansa, don za ka ga amfaninta a gaba. Nemi wanda ke cikin lungu, nesa da titin da babura da keke-napep ke bi.

Kafin ka fara yawon nema, ka leƙa Samaru, ka ga dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai ke kira Drama Village. Wani Ba'amurke mai zanen gini, Steven Ehrlich, ya tsara shi a tsakiyar shekarun 1970, aka gina shi da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna sun kewaye fili. Zauna ka kalli gwajin wasa ɗaya a can. Za ka ga yadda ɗan wasa ke fitowa daga wannan ɗaki murya na amsa masa daga wancan, kuma dabarar ke nan da za ka kai cikin birni.

Mataki na biyu: neman izini

Kada ka aika saƙon waya, kada ka aika yaro. Je da ƙafarka bayan La'asar, da goro da ɗan turare, tare da wanda gidan suka sani. In an gaisa an natsa, sai ka ce: "Baba, alfarma muka zo nema. Muna so a ara mana zaure dare ɗaya, tsofaffi su yi wa yara tatsuniya kamar da, mu kuma mu taya su da ɗan kiɗan ƙwarya." Faɗi komai tun a zaman farko: mutum nawa, ƙarfe nawa za a tashi, za a ɗauki hoto ko ba za a ɗauka ba, maza da mata ne ko kuwa. Abin da ka ɓoye a ranar nan shi zai rushe shirin a daren.

Gidan gado ba na mutum ɗaya ba ne. Maigida zai ce "bari in shawarci 'yan'uwa", kuma da gaske yake. Ba shi mako guda ko biyu. In ya amince, ku tafi tare wurin mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ga abin da muke so mu yi a gidan su wane." Shi zai gaya maka ko akwai zaman makoki ko wa'azi ko Maulidi a unguwar a daren da ka zaɓa, shi ne kuma zai haɗa ka da 'yan sintirin unguwa. Ka gaida limamin masallacin da ke kusa, ka tabbatar masa ba za a ji motsinku ba sai an idar da Isha'i.

Abu ɗaya da ba a sasantawa a kansa: baƙi maza iyakarsu zaure. Cikin gida na matan gida ne.

Mataki na uku: kira magini kafin ka kira mai kiɗa

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana cikin sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Duk ɗan Zazzau ya san inda yake a lokacin da labarin ya same shi. Tun daga ranar ban ƙara tara mutane a ƙarƙashin rufin ƙasa ba sai magini ya duba ya ce bismilla, kuma ba na yi da damina ko kaɗan. Rufin ƙasa in ya sha ruwan Yuli da Agusta nauyinsa ƙaruwa yake, ƙasar kuma ta yi laushi.

Maginin da nake nufi shi ne na gargajiya, wanda ya san tubali da azara, ba birkila mai bulo ba. Biya shi ladan dubawa, ka bi shi a baya ka koya. Zai ɗaga kai ya duba azara, itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika ci ba amma ruwa in ya daɗe a kansa yakan ruɓe. Azara ɗaya ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kimanin mita 2, shi ya sa magina ke jera su suna ɗaurewa hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har a sami bakan gizo, sannan a lulluɓe da ƙasa. Ke nan ƙarfin bakan yana ɓoye a ciki, ido ba ya gani. Abin da ido ke gani alamu ne: tsaga a gindin baka ko a tsakiyarsa, tabon ruwa a rufi, garin ƙasa sabo a kan daɓe, hanyar gara a bango, indararon da ya toshe. Zai hau sama ya ga ko rufin ya lotsa, ko makuba, shafen da ke hana ruwa shiga, ta wanke, ko zanko, tsinin da ke kusurwar saman gini, ya tsage. Zai ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. In an taɓa shafa wa ginin siminti a bisa ƙasa, wurin yakan yi "ƙwal ƙwal" kamar ganga, alamar simintin ya rabu da bango kuma danshi ya taru a bayansa.

In ya ce a gyara kafin a shiga, a gyara. In ya ce a bari, a bari, a koma ƙofar gida a shimfiɗa tabarmi, bangon zaure ya zama makarin murya.

Ranar nan kuma ka duba sheƙar rina da zanzaro, da jemagu a lungun rufi, da kunama a ƙarƙashin tsofaffin buhuna. Ɗauki hoton kowane bango da kowane baka. Za ka buƙaci hotunan nan washegarin taro.

Mataki na huɗu: saurari ɗakin

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, kuma shi ake yawan tsallakewa.

Koma zauren da dare, daidai lokacin da za a yi taron, kai da mutum ɗaya. Ku zauna shiru na minti 10. Rubuta duk abin da ka ji: janaretan maƙwabci, injin markaɗe, rediyon mai shayi, akuya a bayan katanga, lasifikar makarantar dare. Wanda za a iya roƙo a kashe na awa biyu, ka roƙa. Wanda ba za a iya ba, ka san da zamansa, wani ma ka iya sa shi a cikin wasan.

Sannan ka tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Saurari wutsiyar tafin, wato amon da ke biyo baya kafin ya mutu. Sauti yana gudun kimanin mita 340 a sakan ɗaya. In bango yana nesa da kai da mita 17, sautin zai je ya dawo cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, kunne ya ji shi daban, shi ne amsa-kuwwa. A zauren da faɗinsa bai wuce mita 5 ko 6 ba kuwa, dawowar tana da sauri ƙwarai, sai ta manne da muryar ta ƙara mata kauri. Bangon ƙasa kuma ba sumul yake ba, ga zane da tudu da kwari, yana shanye wani abu yana watsa saura. Dalilin daɗin magana a zaure ke nan. Don ba da labari, ana son wutsiyar tafin ta mutu kafin sakan ɗaya. In ta wuce haka kalmomi za su riƙa hawa kan juna, kuma harshenmu harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali: in ɗaki ya dagula murya, "gari" na zama da "gari" na tuwo sai su zama abu ɗaya a kunnen yaro. Maganinsa tabarmi da darduma a ƙasa, da jikin mutane, don taro kansa yana shanye amo. Zauren da ya yi maka kuwwa yana fanko zai natsu in mutum 25 sun zauna.

Yanzu ka sa abokinka ya zauna a wurare daban-daban yana ba da labari da muryar hira, kai kana zagayawa. Rufi mai tulluwa yakan tattara sauti a wani wuri kamar yadda ƙwarya ke tattara ruwa. Za ka tarar da gurbin da raɗa ma ake ji, da wani gurbin da murya ke ɓacewa. Sa alama da alli a kan daɓe, ba a bango ba. A yawancin zaurukan da na gwada, wurin da ya fi shi ne mai labari ya ba bango baya, tsakaninsu kamar kamu biyu, yana fuskantar ƙofar waje ta gefe. Amma kowane zaure da halinsa, kunnenka ne alƙali.

Daga nan ka tura abokin naka shigifa ya yi magana, ya yi waƙa, ya buga ƙwarya. Za ka ji muryar ta zo a dushe, ba ka ganin mai ita, kamar daga wata duniya. Ka sami gidan Dodo ke nan ba tare da na'ura ba.

Mataki na biyar: mai ba da labari

Gwanayen tatsuniya tsofaffin mata ne. Wannan ba ya buƙatar gardama, a bakinsu muka ji ta. Tambayi matan unguwa, za su ce maka "je wurin Iya ta gidan kaza" ko "Goggo wance ai ba ta da na biyu". Aika mace ta fara yi mata magana, sannan ka nemi yardar 'ya'yanta. Wata za ta yarda ta zauna a zaure in an ware wa mata gefe kuma jikokinta na kewaye da ita. Wata za ta ce sai dai a cikin gida, mata da yara zalla. In haka ne, a yi dare biyu, ko kuma ta zauna a bakin shigifa bayan asabari, muryarta na fitowa zaure. Mun taɓa yin haka, kuma ban taɓa ganin yara sun yi tsit irin na daren ba.

Kada ka ba ta rubutu. Kada ka ce ta haddace komai. Je ka zauna, ka ce "Iya, a ba mu ta Gizo da hankaki", ka saurara sau biyu ko uku a ranaku daban-daban. Za ka lura kashin bayan labarin ba ya sauyawa, amma tsokarsa kullum sabuwa ce. Abin da kake nema shi ne gaɓoɓin da ba ta tsallakewa, da waƙoƙin da ke ciki, da inda take jan numfashi. A waɗannan gurabe ne sauti zai shiga.

A bar tatsuniya da kayanta. Ta buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", taro ya amsa "Ta zo mu ji ta". Gizo ya yi maganarsa da tsamin baki, Ƙoƙi ta yi tata, kura ta yi muryar haɗama. In an zo waƙa, kowa ya yi amshi. Ta rufe da "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera". Yaran yanzu da yawa ba su san amsar ba, sai ka koya musu kafin a fara, sau uku, har zauren ya ɗauka.

In za a haɗa da labarin gari, kamar na Bakwa Turunku da Sarauniya Amina da yadda aka taso daga Turunku zuwa Kufena, a samo dattijon da ya san shi, kuma a raba shi da tatsuniya a fili. Mai faɗa ya riƙa cewa "haka muka ji daga magabata". Labarin gidan da kuke ciki ya fi kowanne armashi: wa ya gina, wace sana'a yake yi, wane baƙo ya taɓa kwana a zauren. Maigida ne zai ba da shi. Abin da ya shafi saɓanin gidajen sarauta ko na malamai kuwa, a bar shi a waje tare da takalma.

Kuma a biya ta. Ba tukuicin goro ba, lada na sosai, daidai da na mai kiɗa ko fiye. In za a ɗauki muryarta, a gaya mata inda za a sa, a ba jikokinta kwafi.

Mataki na shida: saƙa sauti

Karon farko da na shirya irin wannan dare na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Na yi hayar manyan lasifikoki irin na biki, har da akwatin nan mai rugugi. Ba a yi minti 10 da kunnawa ba sai na ga garin ƙasa na sauka daga rufi, siriri kamar zare, a kan hular wani dattijo. Maigidan ya miƙe a hankali ya ce, "Malam, a kashe abin nan." Gidan kakansa ne, kuma amana ya ba ni. Sauti mai kauri jijjiga yake, yana bin bango da azara, yana kakkaɓe duk yaɓen da ya riga ya saki. Tun daga nan na daina shigar da akwatin rugugi zauren ƙasa. Na sa manhajar auna ƙara a waya: hirar mutane takan kai desibel 60, abin da ya kai 85 in ya daɗe yana cutar da kunne, ni kuwa ba na bari mu wuce 80 a cikin zaure.

Fara da abin da ke cikin gida. Ɗauki labarin Gizo da hankaki, inda suka ara masa fuka-fukai ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, haɗama ta sa ya riƙa hana su, suka ƙwace gashinsu suka bar shi a kan bishiya. Tashin hankaki: mutum uku a kusurwa uku, kowa da faifai ko mafici, suna kaɗawa bi da bi, sai taro ya ji garken ya zagaya kansa. Kogi: babbar roba da ruwa a shigifa, a kifa ƙwarya a ciki ana bugawa a hankali, kiɗan ruwa ke nan da mata suka daɗe suna yi. Faɗawar Gizo: shiru na numfashi uku, sannan a saki dutse a ruwan. Gidan kada a ƙarƙashin ruwa: mutum ya kafa baki a tulu fanko ya yi magana, ko ya doki bakin tulun da tafin hannu. Shantu yana ba da amon da babu na'urar da ta kai shi daɗi a ɗakin ƙasa. Tsintsiya a kan tabarma iska ce. Tsakuwa a cikin gora tafiyar dare ce. Turmi da taɓarya biyu daga can cikin gida, in matan gidan sun yarda su yi lugude, shi ne gari ya waye.

Cikin kayan kiɗa, masu taushin murya suka dace: gurmi, garaya, molo, sarewa, kukuma. Kalangu yana iya shiga in mai shi ya iya sassautawa, kuma yana da wata baiwa, yana kwaikwayon karin magana, sai Gizo ya yi tambaya kalangu ya ba shi amsa. Algaita ta fi ƙarfin zaure. Kakaki da tambari kuwa na sarauta ne, ba kayan gwaji ba ne, kada ma ka nema.

Sai muryoyin gari. Ɗauki waya mai kyau ko ƙaramar rakoda ka fita da sassafe. Maƙera suna dukan ƙarfe, masu bugu suna buga shadda, cinikin kasuwar birni, kwaɗin bakin Kubanni, ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da ke shawagi a kan Palladan, mai tallar ƙosai. Riƙe wayar cak, ka lulluɓe bakinta da guntun soso saboda iska, ka ɗauki aƙalla minti 3 a kowane wuri. Nemi izinin duk wanda za a gane muryarsa. A kwamfuta ko a wayar kanta kana iya jan sautin ya yi tsawo, ko ka juya shi baya, ko ka sa ya riƙa maimaituwa. Dukan maƙera in an rage masa gudu sosai yakan koma kamar takun wani ƙaton abu da ke tahowa. Ƙananan lasifikoki biyu masu batir sun isa: ɗaya a shigifa, ɗaya a cikin tulu ko a bayan ƙofa. Ɓoye su, don kunne ya nemi inda abin ke fitowa.

Kiran salla da karatun Alƙur'ani da na almajirai ba kayan wasa ba ne. Ba a yanka su, ba a juya su, ba a ɗora musu kiɗa. In sun shiga cikin abin da ka ɗauka a kasuwa, cire wurin.

Doka ɗaya ke riƙe da duk wannan: in Iya na magana, sauti ya koma ƙasa da muryarta ko ya yi shiru. Masu sauti su zauna inda suke ganin bakinta, su bi ta, don ba za ta faɗi labarin yadda ta faɗa a gwaji ba. Gwaji uku ya isa, na ƙarshe a cikin zauren.

Mataki na bakwai: wuta da haske

Janareta ba shi da wuri a nan, ƙararsa da hayaƙinsa duka. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da wat 1,200 na awa ɗaya. In na ruwa ne, rabi kawai ake ja don kada ya lalace, wato 600. Ƙananan lasifikoki biyu da kwamfuta da fitilu huɗu marasa cin wuta ba za su wuce wat 100 ba, ke nan awa 6 a lissafi, amma da yake ƙaramar inbata ma tana cin nata, kana da kimanin awa 5. A ajiye fitilu a ƙasa suna kallon bango, hasken ya bi zanen ya fito da shi, inuwar hannun mai labari ta hau bakan gizo. Ba a kafa ƙusa, ba a manna salatif, ba a rataya komai a azara. Wayar wuta ta bi gindin bango a ƙarƙashin tabarma. Aci-balbal da kyandir suna da kyau a ido, amma ga tabarmi ga yara ga ƙofa ɗaya, a haƙura da su.

Makirufo sai in muryar tsohuwar ta yi rauni sosai. In dole ne, ƙarami na maƙalawa a mayafi, a buɗe shi kaɗan.

Mataki na takwas: rana da zama

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin. Gini ya bushe, kuma bangon ƙasa yana riƙe ɗumin rana ya sake shi da dare, sai zaure ya yi daɗi a cikin hunturu. Ƙura ce matsalar: a yayyafa ruwa kaɗan a share tun da rana, a rufe na'urori da zane, a tanadar wa mai labari ruwan ɗumi da zuma da citta. Da bazara, a Maris da Afrilu, zaure cike da mutane ba ya zaunuwa. Daren farin wata ya fi, don masu komawa gida da ƙafa.

Auna daɓen. Zaure mai mita 5 faɗi da tsawo murabba'in mita 25 ne. Cire wurin mai labari da masu sauti da hanyar fita, abin da ya rage ba zai ɗauki fiye da mutum 25 zuwa 30 ba, ciki har da yara. Raba kati daidai wannan adadi, ka ware kashi ɗaya cikin uku na 'yan unguwa kyauta. In ka sa sanarwa a Facebook ko WhatsApp, kada ka rubuta sunan gidan, sai wanda ya karɓi kati za a gaya wa. Ƙofa a buɗe take har a tashi, mutum ɗaya na tsaye a bakinta da tocila, takalma a jere a gefe ba a kan hanya ba. Yara a gaba, mata a gefe ɗaya, maza a ɗaya, dattawa a kan kujeru amma kada a jingina su da bango.

Daren kansa

Awa ɗaya da rabi, kada a wuce. A fara da addu'a daga maigida, ya faɗi tarihin zauren a taƙaice. Sai kacici-kacici don a saki jiki: "Ƙulin ƙulifita?" yara su ce "Gauta!" "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya?" "Tsintsiya!" Sai gajeriyar tatsuniya da murya zalla, ba kiɗa ba komai, don kunnuwa su saba da ɗakin. Daga nan a rage haske, a roƙi kowa ya kashe waya, a saki muryoyin gari na minti 5, yara su faɗi abin da suka gane. Sannan babbar tatsuniya da duk sautinta. In an yi ƙurunƙus kada a yi saurin kunna fitila, a bar amon ƙarshe ya mutu da kansa. A rufe da addu'a, a sallami mutane kafin ƙarfe 10, yara kowa da mai raka shi.

Washegari

Ka riga kowa zuwa. A naɗe tabarmi, a share, a kwashe bawon gyaɗa da ledar ruwa har na lungu. Kira maginin nan, ku buɗe hotunan da ka ɗauka ku bi bango da baka ɗaya bayan ɗaya. In wani wuri ya ɓantare, ko da kafaɗar yaro ce ta goge shi, a kwaɓa ƙasa a gyara a ranar, da kuɗinka. Daga abin da aka tara, ni nakan ware kashi ɗaya cikin uku in damƙa wa maigida a gaban maginin, da sunan yaɓen bana, don a yi shi kafin ruwan farko ya sauka. Sannan ka aika wa matan gida goro da sabulu, ka kai wa Iya ladanta da hannunka, ka leƙa wurin mai unguwa ka yi godiya, ka tambaye shi ko wani ya kawo ƙorafi. In maigida ya ce "sai yaushe kuma?", ka ba shi rana bayan wata guda, ka koma wurin Iya ka fara sauraron tatsuniya ta gaba.